Ƙarfen Tsamiyar Dada

…kuma ga kunnen nan. Na hagu. Tsagagge daga sama, irin shaidar da ake yi wa akuya don kada ta ɓace cikin garke. Haka Kulu, matar yayansa, ta faɗa, haka kuwa yake, ba ƙari ba ragi. Honarabul Abdulgafar kunnen yake kallo, ba fuskar ba. Me zai yi da fuska? Kowa ma yana da fuska. Kunnen ne shaida — kunnen mutumin da ya harbe yayansa Audi a gindin tsamiya bara da damina. Ga shi nan zaune a kan tabarma, in aka miƙa tabarya za ta taɓa shi, yana ɓare gyaɗa.

Gyaɗa! Ya ɓare, ya murje, ya hure, ya watsa a baki. Sanusi Tsintsiya, wanda in ya shiga gari ko kaza ba ya bari, ashe ɗan firit ne haka. Ashe yana tari. Ashe ƙuda yana sauka a goshinsa kamar kowa… to, in ƙuda yana sauka, harsashi ma zai sauka.

Taron sulhu ke nan, a inuwar wata ƙatuwar ɗorawa cikin dajin Sabuwa, rana ta ɗan karkata. Ta nan dattawa da masu unguwanni da liman da 'yan jarida, wayoyi a sama. Ta can mutanen daji, bindigogi a cinya, babura a jere bayansu. Wa ya tara su? Shi. Shi da kansa, ɗan majalisa, uban zaman lafiya. Shi ya yi ta zarya a wannan hanya mai karya ƙugu, shi ya aika, shi ya karɓi amsa, shi ya dafa Alƙur'ani a gaban jama'a ya ce duk wanda ya fito daga daji yau lafiya zai koma, amanarsa tana wuyana. Wuyana! Baki dai ba ya gajiya da ɗaukar wa wuya kaya.

A tsakiya kuwa, a ƙasa, ga ƙarfen. Tsohon wilin babbar mota, duk tsatsa, wanda bai sani ba sai ya ce 'yan gwangwan ne suka manta da shi. Amma daga Kankara zuwa Faskari zuwa Sabuwa babu wanda bai san shi ba. Shi ne a jikin fasta, shi ne a ƙofar mota, shi ne a atamfar da aka raba wa mata lokacin zaɓe. Duk inda za a yi sulhu da shi Honarabul yake zuwa. A ajiye shi a tsakiya, ya miƙe da guntun rodin da ake buga shi, ya ɗaga sama ya ce, “Daga yau ba za a sake buga wannan ba,” ya sunkuya ya ajiye rodin a ƙasa a hankali, a yi kabbara, a yi musabaha, a ɗau hoto. Ya yi a Yankara. Ya yi a Pauwa. Ya yi har a Abuja cikin ɗaki mai sanyi, Turawa suna gyaɗa kai. Rodin yana hannunsa yanzu, na dama, ya jiƙe da gumi.

Hayin rafi kuma… kada ya duba. Kada ido ya je can. Dawa ce kawai, ta yi kai, iska tana kaɗa ta. Dawa ce kawai da Daniel a cikinta, kwance rub da ciki, shi da samarinsa 'yan sa-kai da bindigoginsu na toka. Daniel ɗan maharba, iyayensa Maguzawa, shi ya shiga coci, amma tuwon sallah a ɗakin Audi yake ci tun suna farautar gafiya. Jiya ya tare shi a bakin mota, ko gaisuwa babu.

“Gafaru, ni ban rantse ma kowa ba. Littafinku kuka dafa, ba nawa ba. Muna cikin dawa. In mun ji ƙarfe, mun taho. In ba mu ji ba mu koma gida, kai kau ka ci gaba da hotonka.”

Ya ce e? Bai ce ba. Ya ce a'a? Bai ce ba. Ya gyara hula ya shiga mota. Ɗan siyasa ne, ya daɗe da koyon amsar da ba ta da kai ba ta da gindi.

Liman yana addu'a, tsoho, murya tana rawa. Allah ya sanyaya zukata. Amin. Bakinsa ya ce amin, ai baki ba ya shawara da kowa. A sanyaya… a sanyaya wa wa? Shi ba ya so a sanyaya. Wutar nan ita kaɗai ta rage masa ta Audi, in ta mutu me zai riƙe?

Can shekarun baya, alli a hannu. Aji huɗu, yara suna maimaita lissafi, shi malamin firamare mai riga ɗaya, sai ƙarfe ya ɗauka — kau, kau, kau, kau, ba tsayawa. Dokar ƙauyensu ke nan, Tsamiyar Dada, tun kaka da kakanni ana rataya abin bugu a tsamiyar tsakiyar gari, kafin wili ya zo ganga ce. Bugu ɗai-ɗai, taro ne. Bugu ba ƙaƙƙautawa, mata da yara su shige dawa, maza su fito da abin da hannu ya samu. Ran nan shanu ne suka shiga waken wani. Wake! Kafin ya isa bakin gonar an gama. Makiyayi ɗaya, saurayi, kwance, sandarsa can, takalmin roba a ƙafa ɗaya. Wa ya yi? Ba kowa. Ƙarfe ne ya kira, kowa ya zo, kowa ya ɗan taɓa, kowa ya koma gida ya wanke hannu ya ci tuwo.

Daga nan ya fara. Gida gida, masallaci, coci, kasuwar Yankara a kan benci da lasifikar aro. A daina ɗaukar doka a hannu. Ramuwa ba ta ta da matacce. Aka yi masa dariya, aka ce boko ya taɓa shi, aka gaji da dariya aka fara saurare. Ran da mai gari ya yarda, shi ya hau tsamiyar da ƙafarsa ya kwance ƙarfen. Igiyar ya bari tana lilo, don ƙullin ya ci cikin reshe.

Audi yana ƙasa, fartanya a kafaɗa. Audi da bai taɓa zama a aji ba, amma shi ke goya shi ya tsallakar da shi rafi zuwa makaranta in ruwa ya kawo.

“Malam, ka yanke ma gari harshe. Ran da kura ta zo, da mi za mu yi kuka?”

“Haba Yaya, an ci gaba. Akwai waya. Akwai kwamiti.”

Akwai waya… akwai kwamiti. Har da dariya ya faɗa. Kuma ƙarya ya yi? An daina kashe mutum a kan wake, wannan ko maƙiyinsa zai shaida. Ƙarfen da ya hana magana shi ya dinga magana a madadinsa: ya kai shi kansila, ya kai shi kujerar ƙaramar hukuma, ya kai shi majalisa. Malam ya zama Alhaji, Alhaji ya zama Honarabul, riga ɗaya ta haihu. Daji kuwa yana ta canja hali. Ɓarayin shanu suka zama ɓarayin mutane. Shi dai yana nan da maganarsa. Gidan makoki nawa ya shiga, buhun shinkafa a bayansa, haƙuri a bakinsa? A yi haƙuri. A bar wa Allah. Mai haƙuri shi kan dafa dutse. Wata tsohuwa a Faskari da aka kashe wa 'ya'ya maza rana ɗaya, ya durƙusa ya zuba mata duk wannan, ta ɗago ta dube shi, ta dube shi dai. Ya ɗauka tawakkali ne. Wawa! Sai yanzu ya san sunan kallon nan, tunda shi yake yi wa kunnen can.

Ɓawon gyaɗa ya taru a gaban Sanusi. Ɗaya daga cikin yaransa yana hamma.

Bara da hantsi suka zo garinsu. Ba dare ba, hantsi, rana tsaka, mata suna daka. An ji ƙarar babura daga nesa, an ji mana, wa bai ji ba? Amma kunnen Tsamiyar Dada ƙarfe ya sani. Shekara da shekaru babu shi a bishiya, kunne bai manta ba. Wata ta tsaya da tabarya a sama, wata ta ce mata ci gaba da dakanki, da wani abu ne ai da an buga. Da an buga! Suka ci gaba da daka. Waya kuwa ran nan babu sabis, sai ka hau dutse. Kwamiti yana Kankara wajen walima.

Audi ne ya gane daga gona. Da ya shige dawa da ya tsira, ga ta nan a gabansa. A'a. Ya yar da fartanya ya sheƙo gari a guje, mutum mai furfura, ya san ƙarfen ba ya nan, a gabansa aka sauke, amma ƙafa ba ta san wannan ba… ƙafa ta kai shi inda take kai ubansa da kakansa. Kulu tana cikin rumbu tana leƙe ta tsaga. Ta ga ya yi tsalle. Ta ga ya kama igiya. Ta ga mai tsagaggen kunne ya tsayar da babur yana dariya, ya ce masa buga mana, Baba, buga mu ji.

Buga mu ji.

To ga shi. Ga rodi, ga ƙarfe. Buga mu ji, ko? Za ka ji. Wallahi za ka… a'uzu billahi. Liman bai gama ba.

Wa ya kashe Audi? Kada wani ya kawo masa wata magana. Igiya ba ta harbi. Wili ba ya harbi. Wanda ya ja kunamar bindiga shi ya kashe, ga shi can yana tsotsar haƙori. Shi ne. Shi kaɗai ne. In an kawar da shi, sauran maganar duk za ta kwanta, ta igiya ma za ta kwanta — dole ta kwanta, in ba haka ba ina mutum zai sa kansa?

Kulu dai ba ta ce shi da ya sauke ƙarfen ne ya jawo ba. Da ma ta faɗa. Kulu matar Yaya, mai tsokanarsa tun yana saurayi, mijina ƙarami, mijina mai alli, yaushe za ka yi mani zane? Ranar uku ta aiko a kira shi bayan zana. Ba ta yi kuka ba. Ba ta ce mijina ba.

“Honarabul, yayanka ya je. Ƙahwahunshi suka kai shi. Igiya ya iske.”

Kaji suna tono a tsakar gida.

“To hwaɗa mani abin nan da kake hwaɗa ma mutane. Ina jin ka.”

Ya buɗe baki. Mutumin da ya yi wa gwamnoni jawabi. Ramuwa ba ta… ba ta me? Har yau bai ƙarasa ta ba.

Kuma sun tafi da Mansura, 'yar Audi ta fari, tare da matan da suka kora daji. Don ita ya haɗiye, don ita ya yi ta aike, don ita ya dafa Littafi. Yau da safe aka sako su, sharaɗin zama ke nan, suka tsallako rafi a jere. Ya tare ta. Mansura, Baba ne, Baba Gafaru. Ta dube shi kamar mai karanta fasta a bango. Ƙafafu a kumbure, zane ɗaya, ciki ya fito. Ciki! Aka sa ta a mota, yanzu sun isa asibiti, sun yi nisa, babu hannun da zai kai gare su. Wato babu sauran abin da ya ɗaure shi. Babu. Sai 'yar magana da ya furta da hannu a kan Littafi — kuma Allah da ya ji rantsuwar, ai ya ga cikin nan.

Bugu ɗaya ma ya isa. Daniel ba ya kuskure, tun suna yara tsuntsu a sama yake saukewa. Su fito daga dawa ta baya, kafin waɗancan su juya bindigogi… ya ga abin sarai. Gyaɗa ta watse. Kunnen a cikin ƙasa. Shi kuma ya tsaya a kansa, ba zai yi ihu ba, a hankali zai tambaye shi, ka ji? Ka ce a buga ka ji, ka ji? Daɗi. Wallahi daɗi, har yawunsa ya tsinke, rabon da ya ji daɗin wani abu haka tun kafin bara. Samarin Kankara da suka jefi motarsa da ledar ruwa suna Honarabul Haƙuri, Honarabul Haƙuri, gobe su za su ɗaga shi sama. Zaɓe ma ya ci ya gama. Ka ji shaiɗan, har da ƙuri'a ya zo da ita.

Liman fa? Yana tsakiya. Tsoho ba ya iya tashi sai an kama shi. Mai unguwar Yankara da ya zo da jikansa ya riƙe masa buta, su ma suna tsakiya. Su kwanta mana, in an fara kowa ya kwanta… Sauran mutanen Sanusi da ke can cikin daji fa, masu yawa, waɗanda ba su fito ba? Kafin jibi wane gari za su fara? Dawa ta nuna, mutane sun wasa lauje saboda maganarsa, wasu rabonsu da gonakinsu na nesa damina biyu. Sun ce Honarabul ya rantse. To ya rantse! Audi ma ai ya yarda da shi. Kowa ya ɗanɗana. Me ya sa gidansu kaɗai… a'a. A'a, ba haka ba. Wannan ba maganarsa ba ce. Ta wa ce to? Daga bakin wa ta fito?

Sanusi ya daina tauna. Ƙarfen yake kallo. Tun ɗazu ashe yana satar kallonsa, yanzu ya kafa masa ido, gyaɗa a tsakanin yatsu. Me ya sani game da shi? Saurayin nan na gonar wake, mai takalmi ɗaya — ɗan wa ne? Ƙanen wa? Ba wanda ya tambaya, mutanensa suka zo suka ɗauke shi suka tashi da rugarsu, ba a sake jin su ba. Ko akwai wanda ya leƙa ta tsaga ran nan ma… Ba ruwansa. Ba ruwansa! Ba zai ɗauki wannan ba. Kowa da gawarsa. Shi tasa ya sani.

An shafa. An shafa fatiha, hannuwa sun sauka daga fuska, kowa ya juyo. Ranka ya daɗe, bismilla. Wani ya danƙa masa lasifika a hannun hagu. Ya miƙe. Gwiwa tana ƙara, babbar riga ta manne a baya. Taku kaɗan, ga shi a kan ƙarfen, tsatsarsa, gefen da ya lotsa saboda bugun mutanen da duk sun mutu.

Baki ya kama aikinsa. Jama'a, zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki… jinin da ya zuba ya isa… Ji shi. Ji yadda take fita sumul, ba gargada, kamar ba shi ba. Hannun dama ya tashi da rodi, shi ma ya san aikinsa. Iska ta tsaya. Dawa ta tsaya. Can ciki Daniel ya ga hannun ya tashi, ya san yatsa ya riga ya kwanta inda yake kwanciya.

“Daga yau ba za a sake buga wannan ba.”

Saura ya sunkuya ya ajiye. Haka tsarin yake: a ajiye, sannan kabbara, sannan musabaha. Amma wa ya koya wa mutumin daji tsari? Sanusi ya riga ya tashi. Ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga riga, ya rataya bindiga, ya tako, ya tsaya a ɗaya gefen ƙarfen. Warin hayaƙi da man babur. Kunnen ga shi dab, har da ɗan gashi a bakin tsagar.

“Alhaji, ga hannu.”

Ga hannu. A miƙe, bisa ƙarfen, ƙasan rodin. Wayoyi duk sun taso. Kafin magariba hoton zai isa Tsamiyar Dada, wata maƙwabciya za ta kai wa Kulu har ɗaki, ki ga mijinki ƙarami.

Ya ba shi hagu? Wa ke ba mutum hagu? Zagi ne, yaran can masu jan ido ba sa bukatar fassara, kuma hagun ma tana riƙe da lasifika. Ya sunkuya ya ajiye rodin? A gaban wa? Kansa a ƙasa, dab da takalmin wanda ya ce buga mu ji, a ɗauka a hoto, ƙanen Audi ya rusuna… gara ƙasa ta tsage. Ya miƙa wa wani ya riƙe masa, abu mai sauƙi, yaro ma zai yi — wa? Kowa ya ja baya don hoto ya fita. Dama ɗaya Allah ya ba shi. Guda ɗaya tak, kuma a cike take.

In ya buga, ya buga. In kuma ya buɗe hannu don ya karɓi wancan hannun, rodin ina zai faɗa? Ƙarfen yana ƙasa, ya buɗe baki yana jira. Daniel ba zai tambaya ko bugu ne ko suɓucewa ba. Ƙara ƙara ce. Shi kansa ma, in an tsayar da shi gobe ƙiyama aka tambaye shi da gangan ne ko kuskure, me zai ce? Shekarun nan duka yana cewa ya sauke ƙarfe, ya sauke ƙarfe — ashe bai sauke ba, ɗauka ya yi, yana yawo da shi gari gari, da mabuginsa a hannu.

Hannun Sanusi bai janye ba. Liman yana murmushi, yana gyaɗa masa kai, yi mana ɗana. Kafaɗa ta yi tsami. Gumi yana gangarowa ta cikin hannun riga, rodin yana santsi. Yaya, ka ce da mi za mu yi kuka… Yaya, na riƙe ne don kada ya yi ƙara, ko na riƙe ne don in… Ya gaji. Wallahi ya gaji.

Ƙaramin yatsan ne ya fara saki.